Yatsan da Aka Goge

A layinsu babu mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Kar-ki-motsa ake ce mata, kuma ba ita ta zaɓa ba. Katangar da ta raba gidansu da na maƙwabta siririya ce, kuma shekara da shekaru abin da ake ji ta cikinta ke nan, safe da la'asar: muryar mijinta yana cewa, "Kar ki motsa! Don Allah kar ki motsa!" Da farko an ɗauka dukanta yake yi. Wata maƙwabciya har ta taɓa faɗowa gidan da tsintsiya a hannu, ta zo ceto. Sai ta tarar da ita zaune, gwiwar hannu a kan tebur, yatsa ɗaya a miƙe, wata koriyar fara a kan yatsan, miji kuma ya duƙa da kyamara kamar zai shige cikin farcenta. Matar ta koma gida tana dariya har da riƙe ciki. Tun ranar sunan ya manne.

Shi mijin Zanzaro ake ce masa, don siririn ƙugunsa da yadda kullum yake cusa riga cikin wando, ko da zaman gida yake yi. Mai hoto ne. Yana da ɗan shago a bakin titi, inda yake ɗaukar hoton fasfo da na 'yan makaranta, kuma da wannan ake ci a gidan. Amma zuciyarsa ba ta shagon. Fuskar mutum ba ta taɓa burge shi ba. Ƙanana yake so: idon ƙuda, gashin ƙafar tururuwa, ƙwayar irin da in ka yi atishawa ta ɓace, haƙoran cikin tsohon agogo, maɓallin riga da ya tsage. Ya kwance gilashin kyamararsa ya juya shi baya da gaba, ya haɗa shi da guntun bututun famfo da ya shafa wa baƙin fenti a ciki, ya kifa wa fitilarsa farin kofin roba don haske ya yi laushi. Da wannan haɗe-haɗen yake mayar da cinnaka ya kai girman ɗan akuya.

Sai dai abu biyu suka dame shi tun farko. In ka ɗauki ƙwaro shi kaɗai ka faɗaɗa, mai kallo ba zai san ƙanƙantarsa ba. Sannan ƙwaro mai rai ba ya tsayawa, mataccen kuwa ana gane shi, ƙafafunsa a nannaɗe, idonsa a dushe. Zanzaro ba ya ɗaukar gawa. Dabarar da ya samo ita ce ya sa ƙwaron a ƙaramar kwalba, ya ajiye a firji har sanyi ya sa shi suma. In ya fito da shi, sai ya ɗora shi a kan wani abu mai ɗumi. Ƙwaron zai fara farfaɗowa a hankali, ya miƙe ƙafa, ya share fuska, ya buɗe fiffike. Tsakanin farfaɗowar nan da tashinsa akwai ɗan lokaci da bai fi a haɗiye yawu ba, kuma a nan hoton yake.

Abu mai ɗumin nan, wanda kuma kowa ya san girmansa, shi ne manunin hannun daman matarsa.

Tana amarya ta fara, tana ganin wasa ne. Wasan bai ƙare ba har ta yi jikoki. Mutane suna jin "ta miƙa yatsa" sai su ɗauka zama ne kawai. To su gwada. Ba a numfashi, domin in ƙirji ya ɗaga, yatsa ya gusa, kuma a kusancin da yake ɗauka gusawar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ta ɓata hoto. Ba a tari. Ba a korar sauron da ya sauka a wuya. In jariri yana tsala ihu a ɗaki, ya jira. In tukunya tana ƙonewa, ta ƙone. Ta koyi jin bugun jininta a kan yatsan, ta koyi yi masa alama da ido ya latsa kyamarar tsakanin bugu da bugu. Rina ta harbe ta a wurin, yatsan ya kumbura kamar zai fashe, shi kuwa abin da ya fara tambaya shi ne ina rinar ta shiga. Wani baƙin ƙwaro ya tsula mata ruwan da ya ƙona fatar, tabon yana nan har gobe.

Kuma ya hana ta shafa wa yatsan mai. Wai mai yana ƙyalli a fitila. Sauran tara su sha mai, shi wannan ya zauna a bushe, yana wanki da wanke-wanke yana tsattsagewa. In ta je cikin mata takan naɗe shi cikin tafin hannu.

Firjin gidan kuwa rabinsa ba nata ba ne. Baƙuwa ta taɓa buɗewa neman ruwan sanyi, ta yi ido biyu da buzuzu a kwalba, ta ƙwalla salati ta fita ba takalmi. Aka yi ta yaɗawa a layi cewa gidan mai hoto ana dafa abin da ba a faɗa. Kar-ki-motsa ce ta bi gida-gida tana wanke sunan gidan.

A duk tsawon zaman nan bai taɓa ɗaukar fuskarta ba. Da ta bukaci hoton katin shaida, shagon wani ta je, don ranar nasa a rufe yake, ya tafi bakin kwata farautar ƙwaron nan mazari. Ba ta yi ƙorafi ba. Takan ce a ranta, ai ina ciki. Duk hoton da ya wanke ya zuba a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, tana ciki, daga ƙasa, ita ce abin da ƙwaron yake tsaye a kai. Wanda ya jera hotunan zai ga yatsan yarinya sumul, ya ga ranar da wuƙa ta yanke shi, ya ga tabon ƙuna ya bayyana, ya ga gaɓar ta fara karkacewa.

Wayoyi suka zo suka kashe shagon. Idon Zanzaro ya yi hazo, hannunsa ya soma rawa, ya rataye kyamara. Sai autansu, wanda yake aikin kwamfuta a wani kamfanin buga takardu, ya janyo akwatin nan wata rana yana neman wani abu daban. Ya zauna a ƙasa yana kallo har aka kira shi cin abinci bai ji ba. Ya kwashi hotunan ya kai wa wani mutum mai zauren baje kolin zane da hotuna a tsakiyar gari. Mai zauren ya ce bai taɓa ganin irinsu ba, zai rataye su, manya-manya, kowa ya zo ya gani.

Gidan ya ɗauki murna. Zanzaro ya sa aka goge masa rigunansa. Ita ma ta yi murna, har ta kan kalli yatsan a ɓoye ta ce, to, kai ma za ka shiga gari.

Ana saura kwanaki a buɗe baje kolin, Auta ya shigo da ɗaya daga cikin hotunan, an buga shi ya kai faɗin taga. Ya jingina shi da bango a falo ya ja baya yana murmushi.

"Inna, zo ki ga aikin Baba."

Ta fito daga kicin tana goge hannu. Buzuzu ne, kore mai sheƙi, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Ta san shi. Cikin Auta ne da ita ranar da aka ɗauke shi, amai yana taso mata tana dannewa. Buzuzun yana nan, kowane gashi nasa a fili. Ƙarƙashinsa kuwa baƙi ne wuluk. Babu komai.

Ta daɗe tana kallo.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"A kan me yake tsaye?"

Auta ya sosa ƙeya. "Ai Inna, an ɗan gyara ne. Mai zauren ya ce yatsan yana raba hankalin mai kallo. Kuma kin san in an faɗaɗa shi haka, tsagar nan da tabon duk sai su fito, kamar... kamar bawon bishiya. Sai na cire a kwamfuta."

"Kai ka cire?"

"Ni na cire. Na sha wahala ma, wallahi, musamman wajen ƙafafun nan."

"Sannu da wahala. A wannan kaɗai?"

"A duka ne."

Ta juya wajen mijin, yana kishingiɗe a doguwar kujera, rediyo a kan cikinsa.

"Malam, ka san da wannan?"

"Sun faɗa mini," in ji shi, bai ko tashi ba. "Sun fi mu sanin abin da ake yayi yanzu. Yatsa ne kawai, Innar yara."

"Yatsa ne kawai."

"To me ne?"

Ta san in ta buɗe baki a lokacin maƙwabta za su sake jin abu ta katanga. Ta koma kicin. Tana yanka albasa tana ji kamar ta haɗa da yatsan ta kai musu a faranti. Ba wai tana son a san ta ba ne. Da sun ce ba za su rataye hotunan ba sam, da ba ta ce uffan ba. Amma a ɗauki abin da aka yi da jininta da numfashinta, a zauna a kan kujera mai juyawa a kankare ta daga ƙarƙashin ƙwaron ƙafa-ƙafa kamar an kankare datti a gindin tukunya, kuma ɗan da ta haifa ne ya yi, har yana neman a yi masa sannu! Tsagar da suke ƙyama wa ya jawo ta? Wa ya hana mai?

Washegari ta sa Auta ya kai ta wurin mai zauren. Mutum ne mai fara'a, da gilashi rataye a wuya da igiya. Ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwa, ya kira ta Mama sau ba adadi.

"Mama, ki fahimce ni. Mu ƙwaron muke so mutum ya gani, shi kaɗai, cikin duhu, kamar tauraro. Ba raini ba ne."

"Tauraro ba shi da ƙafa, ɗana. Wannan yana da su, kuma a kaina ya dafa su."

Ya yi dariya ya tafa hannu. "Kai, Mama akwai magana! Sai dai an riga an buga, an sa a gilashi. Amma ranar buɗewa zan ambace ki a jawabina. Za mu gode wa iyali bisa haƙurinsu."

"Haƙuri," in ji ta. Ta ajiye ruwan ba ta sha ba.

A mota Auta ya yi ta ba ta baki. "Inna, don Allah kar ki ɓata wa Baba ranarsa. Sau ɗaya ke nan a rayuwarsa."

"Ni sau nawa na samu?"

Ya ƙara wa rediyon mota murya.

Ranar buɗewa ta yi wanka ta sa kayanta mafi kyau, ta shafa wa yatsu tara mai kamar kullum. Zauren dogo ne, farin bango, sanyi kamar cikin firjinta. Hotunan suna rataye a jere, kowanne da fitilarsa: fara, mazari, rina, ƙwayar iri mai ƙaya, ɗan dutsen abin wuya, duk suna lilo a cikin baƙi, babu mai abin dafawa. Mutane sun cika, suna riƙe da kofuna, suna gyaɗa kai. An zaunar da Zanzaro a gaba, riga cikin wando, yana karɓar gaisuwa. Ita aka nuna mata kujera a bayansa.

Ba ta zauna ba. Ta wuce kai tsaye wurin buzuzun, wanda aka rataye a tsakiya don ya fi kowanne girma. Ta gyara tsayuwa, ta raba ƙafafu kaɗan, ta ɗaga hannun dama, ta miƙe manuninta daidai ƙarƙashin ƙafafunsa, inda yake a da. Sannan ta sauke numfashi ta tsaya.

Mai gadi ya taho da sauri. "Mama, ba a taɓawa."

"Duba da kyau," ta ce, leɓenta kawai ke motsi. "Na taɓa?"

Ya duƙa ya leƙa. Tsakanin yatsan da gilashin akwai ratar da takarda za ta iya wucewa. Ya miƙe yana waige-waige, ya rasa dokar da aka karya.

"To ki ɗan matsa, mutane su gani."

"Su gani mana. Yanzu ne ma ya cika."

Mai zauren ya fara jawabi a can gaba, amma kawuna sun fara juyowa. Wata mata mai jaka a kafaɗa ta matso ta tambayi abin da ke faruwa. Kar-ki-motsa ta gaya mata a taƙaice, ba ta ɗaga murya ba: a nan yake tsaye, a kan wannan, an goge ni. Matar ta kalli yatsan, ta kalli hoton, ta gaya wa na kusa da ita. Kafin a jima masu sauraron jawabi sun ragu, an yi da'ira a bayanta. Aka fara ɗaga wayoyi. Wani ya ce ai yanzu za ta gaji. Wani ya ce a kawo mata kujera. Ba ta gaji ba. Tsohuwa ce, gwiwoyinta suna ciwo in za a yi ruwa, amma wannan aikin babu mai koya mata shi a duniya. Hannun yana miƙe kamar an kafa shi da ƙusa.

Auta ya kutso yana gumi cikin sanyin nan. "Inna, don girman Allah. Kowa kallonki yake yi."

"Ai kallo aka zo yi."

"Ki zo mu je waje mu yi magana."

"Mun yi a mota."

"Me kike so in yi yanzu, a gaban jama'a?"

"Abin da ka cire, ka san inda ka ajiye shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Na asalin suna nan a kwamfuta."

"To."

Sai ga Zanzaro, wani ya riƙo masa hannu. Ya zo dab da ita ya ƙanƙance ido, kamar yadda yake yi in yana neman ƙwaro a cikin gilashi. Ya daɗe yana kallon yatsan da ƙafafun buzuzun. Ta san me yake dubawa, kuma ta san ba ta kuskure wurin ba ko da kaurin gashi.

"Innar yara," ya ce a hankali, "sauke hannun haka nan."

"Ikon Allah. Tun ina yarinya kake ce mini kar in motsa. Yau da na ga dama, yau ne za ka ce in motsa?"

Aka kwashe da dariya a bayansu. Shi bai yi ba. Ya taɓa ƙugunsa ya ƙara cusa rigar da take a cushe.

"Ai yatsa ne kawai," in ji ta. "Me ya dame ka da shi?"

Ya juya wajen ɗansa. "Kai. Sauke su."

"Baba, duka?"

"Duka. Ka mayar da ita. Ni ban ɗauki ƙwaro a sama ba, ban san yadda aka yi na yarda ba."

"Na ji yadda aka yi," in ji ta. "Kana kwance da rediyo."

Mai zauren ya iso yana murza hannu. Ya kalli taron, ya kalli wayoyin da ke sama, kuma mutum ne mai saurin lissafi. Nan take ya ɗaga murya ya ce wa jama'a ai dama yatsan nan shi ne ruhin aikin gaba ɗaya, shi tun ranar farko jikinsa ya ba shi, za a sake bugawa a sake buɗewa. Aka tafa masa. Shi aka tafa wa.

Ba ta sauke hannun ba sai da ta ga mai gadi da Auta sun ɗaga buzuzun daga bango sun juya fuskarsa. Sannan ta lanƙwashe yatsan a hankali, ya yi ƙara, ta nemi kujerar da aka ba ta tun farko.

Da aka sake buɗewa ta je da rana, lokacin da babu kowa sai mai gadi. Ga yatsan nan a ƙarƙashin kowane ƙwaro, ya kai girman gungumen itace. A wasu sumul yake, a wasu duk tsaga, ga tabon ƙuna kamar tsohuwar rijiya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen bango, hannunta a baya.

"Ya kika gani, Mama?" in ji mai gadi.

"Muni," ta ce. "Auta bai yi ƙarya ba. Amma nawa ne."

A hanyar gida ta tsaya a kanti ta sayi man shafawa, mai kauri, babbar kwalba. Ta zauna a falo gaban mijin ta buɗe, ta lakato da yawa, ta shiga murza wa yatsan tun daga farce har gindi. Ƙamshin ya kai masa, ya ɗago kai.

"Zai yi ƙyalli fa," in ji shi.

"Ya yi," ta ce, ta ƙara lakatowa.